Kanungu: Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Ranar Juma'a, 17 ga watan Maris, 2000, da hantsi, mutanen garin Kanungu da ke kudu maso yammacin ƙasar Yuganda suka ji wata irin ƙara, sai ga hayaƙi ya turnuƙe daga majami'ar wata ƙungiya mai suna Ƙungiyar Maido da Dokoki Goma na Allah. Ko da aka isa wurin, sai aka tarar an buge tagogi da katako da ƙusoshi, babu ta inda mutum zai fita. Mutum sama da 500 ne suka ƙone a ciki, har da mata da ƙananan yara. Da 'yan sanda suka bi sauran gidajen ƙungiyar a Buhunga da Rugazi da Rushojwa, da kuma Buziga kusa da Kamfala, sai suka yi ta tono gawawwaki a ramuka. Jimilla dai rayuka sama da 700 suka salwanta.

To 'yar'uwa, kada ki yi saurin cewa ai wawaye ne. Yawancinsu mutane ne masu son ibada, waɗanda suka taso a cocin Katolika. Sai dai ƙasarsu ta sha wuya. Mulkin Idi Amin daga 1971 zuwa 1979 ya ci rayuka masu yawa, yaƙin basasa ya biyo baya, sannan cutar ƙanjamau ta shigo tana ɗauke maza da mata, tana barin zawarawa da marayu. Wanda yake cikin irin wannan hali, in aka ce masa duniya ta zo ƙarshe, ba zai yi dogon musu ba.

Ana cikin haka ne wata mace mai suna Credonia Mwerinde, wadda a da take sayar da giyar ayaba, ta fito tana cewa wai Budurwa Maryamu tana bayyana gare ta. A 1989 ta haɗu da Joseph Kibwetere, wani dattijo mai rufin asiri, tsohon malamin makaranta kuma ɗan siyasa, har ta tare a gidansa da mutanenta. Zama bai yi daɗi ba tsakaninta da uwargidan gidan, daga bisani iyalin suka fatattake su a 1992, maigidan kuwa ya bi su ya bar matarsa da 'ya'yansa. Har da wani fada mai ilimi da ya yi karatu a Amurka, Dominic Kataribabo, shi ma ya shige cikinsu.

Dokokinsu ba su da sauƙi. Ba a yawan magana sai da hannu irin ta kurame, wai don kada a yi ƙarya. Ranakun Litinin da Juma'a abinci sau ɗaya ake ci. Miji da mata ba sa kusantar juna. Uwa uba, mutum ya sayar da gonarsa da dabbobinsa ya miƙa kuɗin ga shugabanni, tunda wai duniya za ta tashi ranar 31 ga Disamba, 1999. Ranar ta zo ta wuce, gari ya waye lafiya lau. Sai aka fara gunaguni, wasu suna neman a mayar musu da dukiyarsu. Masu bincike suna ganin daga nan ne shugabannin suka fara kashe mutane a ɓoye, suka kuma sa sabuwar rana. Dab da ranar gobarar har shanu suka yanka, aka sha lemo, aka yi walima. Allah sarki!

Ba a Kanungu aka fara ba. A 1978 Jim Jones ya hallaka mutum sama da 900 a dajin ƙasar Guyana, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. Ba kuma a nan aka ƙare ba, domin a 2023 an tono gawawwaki sama da 400 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, mabiyan Paul Mackenzie da aka ce wa su yi ta azumi har su mutu don su sadu da Yesu.

To, yaya malaman Kirista suka tunkari wannan al'amari? Hanya ta farko ita ce ilimi. Wani malami Ba'amurke, Walter Martin, ya kafa cibiyar nazarin irin waɗannan ƙungiyoyi a 1960, ya kuma fitar da littafinsa The Kingdom of the Cults a 1965. Dabararsa ita ce a karanta abin da ƙungiya ta rubuta da hannunta, ba jita-jita ba, sannan a auna shi da Littafi Mai Tsarki. In aka ɗora Kanungu a wannan ma'auni, tun ba a je ko'ina ba take faɗuwa. A Linjilar Matta sura ta 24, Yesu ya nuna cewa ranar ƙarshe ɓoyayyiya ce, ko mala'iku ba a sanar da su ba, balle wata Credonia. Wasiƙar Yahaya ta fari ta gargaɗi masu bi kada su karɓi duk wanda ya ce an yi masa wahayi sai sun gwada shi. Littafin Ayyukan Manzanni kuma ya yaba wa mutanen Biriya saboda ko wa'azin Manzo Bulus sai da suka riƙa komawa Nassi suna dubawa. Ashe ke nan tambaya ba rashin bangaskiya ba ce.

Amma ilimi kaɗai bai isa ba. Cocin Katolika ta Yuganda ta gane ɓatan ƙungiyar tun da wuri, ta kuma raba gari da shugabanninta, amma hakan bai hana mabiya tururuwa ba. A 1986 Fadar Paparoma ta fitar da wani rahoto a kan sababbin ƙungiyoyin addini, bayan ta tattaro bayanai daga ƙasashe da dama. Abin da ta gano shi ne, mutane suna tafiya ne don neman inda za a san sunansu, a saurari kukansu, a amsa tambayoyinsu. Sai rahoton ya ce ikilisiya ta fara duba kanta tukuna. Gaskiyar Bahaushe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bazawarar da ba wanda ya leƙa ta bayan an share makoki, ita ce za ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da fara'a.

Saboda haka uwargida, ga alamomin da tarihin nan ya bar mana. In kika ga shugaba shi kaɗai ake yi wa wahayi, ba a yi masa tambaya. In ya sa ranar tashin duniya. In yana raba mace da mijinta, uwa da 'ya'yanta. In ya ce a sayar da kadara a kawo masa. In kuma fita daga ƙungiyar ta zama abin tsoro, to ki kama kanki, ki kama 'ya'yanki.

Idan kuwa ƙanwarki ko maƙwabciyarki ta riga ta shiga, kada ki yi mata gori, kada kuma ki yanke zumunci. Abin da shugaban yake so ke nan, don ya ce mata, kin gani ko, ba ki da kowa sai mu. Ki riƙa zuwa, ki kai mata ɗan abin miya, ki yi mata tambaya cikin lumana, ki sa ta a addu'a. Ranar da shakka ta shige ta, dole ta san akwai gidan da za ta koma ba tare da an yi mata dariya ba. Da yawa daga mutanen Kanungu sun farga bayan Disamban 1999, amma gona ta tafi, dangi sun yi nisa, babu wurin zuwa.

Har yau ba a gurfanar da Kibwetere ko Credonia gaban shari'a ba. In kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama da wuta, shafa wa na gidanki ruwa. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, amin.