Tarihin Turakun Lantarki na Mashigin Mesina

Tsakanin tsibirin Sisiliya da kudancin ƙasar Italiya akwai wani mashigin teku da ake kira Mesina, wanda faɗinsa, a inda ya fi ƙuntata, bai wuce kilomita 3 da ƴan kai ba. Wuri ne mai iska da igiyar ruwa mai ƙarfi, ga kuma girgizar ƙasa: wadda aka yi ranar 28 ga Disamba 1908 ta rusa birnin Mesina, ta hallaka dubun-dubatar mutane. A wannan mawuyacin wuri ne, bayan yaƙin duniya na biyu, injiniyoyin Italiya suka ƙudura ƙetarar da wutar lantarki ta sama, domin haɗa tsibirin da sauran ƙasa.

Suka kafa turakun ƙarfe guda biyu, ɗaya a bakin gaɓa a ƙauyen Torre Faro na Sisiliya, ɗayan kuwa bisa tudun Santa Trada a yankin Kalabiriya. Kowane turke tsawonsa mita 224, yana tsaye kan gindin siminti mai mita 8, jimilla mita 232 ke nan. Daga wannan zuwa wancan aka miƙa wayoyi tsawon mita 3,646 ba tare da wani madogari a tsakiya ba, kuma ko inda suka fi lanƙwasa suna sama da ruwa da mita 70, don manyan jiragen ruwa su wuce ba fargaba. An kammala aikin a 1955. Da farko layin yana ɗaukar bolt 150,000, a 1971 aka kai shi 220,000. Babu turakun lantarki da suka kai su tsawo a duniya, har sai da Jamus ta kafa nata a kogin Elbe a 1978.

Sai dai abin da ya sa suka zama abin mamaki shi ne kuma ya taƙaita amfaninsu. Wayar da za ta ƙetare irin wannan tazara, ta ɗauki nauyin kanta, ta jure iska, dole ƙarfe mai tauri ya yi mata yawa, shi kuwa bai kai tagulla ko sanholo iya ɗaukar wuta ba. Haɗa wayoyi bibbiyu, kamar yadda ake yi a kan tudu, shi ma bai yiwu ba, saboda iska za ta riƙa kaɗa su suna gwabzawa. Don haka layin ya tsaya a wajen megawat 300, alhali bukatar Sisiliya kullum ƙaruwa take. A 1985 aka shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku mai bolt 380,000, wadda ke ɗaukar megawat 1,000. A 1994 aka kwance wayoyin sama. A 2016 kamfanin Terna ya buɗe wani sabon layin, mai kilomita 38 a cikin ruwa.

Daga nan tambaya ta taso: me za a yi da ƙarfen da ya gama aikinsa? Bisa al'adar wannan sana'a, sare tsohon turke ake yi a sayar wa masu narka ƙarfe, domin barin sa tsaye a bakin teku ɗawainiya ce: iska mai gishiri tana kawo tsatsa, fenti kuwa da gyara sai da kuɗi. Amma cikin shekaru kusan 40 turakun sun shiga rayuwar mutanen wurin. Masunta da matuƙan jirage suna gane hanya da launinsu ja da fari, matafiyin da ya hango su daga nesa ya san ya iso gida. Aka bar su tsaye, aka lissafa su cikin kayan tarihi.

Wannan labari yana da darasi ga duk mai kula da gadon al'umma. Kayan tarihi ba su tsaya ga ganuwa da fada da tsofaffin takardu ba. Gada, tashar jirgi ko turken lantarki suna iya ɗauke da tarihin yadda haske ya fara shiga gidajen talakawa. Sauya tsohon layi wajibi ne idan jama'a ta fi ƙarfinsa, amma kafin a sa masa zarto, ya kamata a tambayi waɗanda suka tashi suna ganinsa.