Lissafin Turjiya da Ƙarfin Aiki a Da'irar Lantarki: Dokar Ohm da Iyakarta

Tsakure: Wannan maƙala ta duba yadda ake fitar da turjiya da ƙarfin aikin na'ura daga awo biyu kacal, wato matsin lantarki da kwararar lantarki. Ta kuma nuna cewa amsar da lissafin ke bayarwa tana bin yanayin da aka yi awon, musamman zafin waya da irin na'urar da aka jona.

A shekarar 1827 Georg Simon Ohm, wanda ya koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ta birnin Kolon a Jamus, ya fitar da littafin da ya ƙunshi dokar da ake kira da sunansa. Baturan zamaninsa ba su da tsayayyen ƙarfi, ana cikin awo sai su yi sanyi. Don haka ya haɗa jan ƙarfe da ƙarfen bismat, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara, ya sami matsin da ba ya hawa ba ya sauka. Da shi ya gwada wayoyi masu tsayi daban-daban. Masanan ƙasarsa ba su yi wani ɗoki da aikin ba. Sai a 1841 Royal Society ta Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley, kuma a taron masana lantarki da aka yi a Faris a 1881 aka amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya.

Dokar gajeriya ce. Idan V shi ne matsi da ake aunawa da bolt, I kuma kwarara da ake aunawa da amfiya, to turjiya ita ce R = V ÷ I, amsarta kuwa da om take zuwa. Ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat, shi ne P = V × I. Haɗa su biyun yana haifar da P = I² × R da kuma P = V² ÷ R. Ta farkon, wato P = I² × R, ta yi daidai da abin da James Joule ya gano a Ingila wajen 1840, cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin kwarara ne idan an ninka ta da kanta.

A ɗauki hitar ruwa mai wat 2,000 da aka ƙera don bolt 230, matsin da ya kamata ya shigo gidajen Nijeriya. Tana jan amfiya 8.7, turjiyarta kuma kusan om 26.5 ce. To idan taransifomar unguwa ta ɗauki kaya fiye da ƙima, wuta ta sauko bolt 180 fa? Turjiyar hitar ba ta canja sosai, sai kwarara ta koma amfiya 6.8, ƙarfin aiki ya faɗo wajen wat 1,225. Matsi ya ragu da kashi 22 cikin 100, amma zafi ya ragu da kashi 39. Shi ya sa ruwa ke daɗewa bai tafasa ba, uwargida ta yi ta zargin hita alhali hitar lafiyarta ƙalau.

Ƙwan fitila mai zaren tangstin shi ke tona asirin dokar. Mai wat 60 a kan bolt 230 yana jan amfiya 0.26, lissafi ya ba da turjiya kusan om 880. Amma idan aka kwance shi aka ɗora masa mita yana da sanyi, abin da za a gani bai wuce om 60 zuwa 70 ba. Duka amsoshin daidai ne. Zaren yana haura digiri 2,000 idan ya kama, turjiyar ƙarfe kuwa tana hawa da zafi. A daƙiƙar da aka kunna shi yana jan kwarara fiye da ninki goma ta yadda ya saba, dalilin ke nan irin wannan ƙwai ya fi mutuwa daidai lokacin da aka danna makunni. Ɗalibin da ya raba V da I ya sami lamba, to lambar ta wannan yanayin ce kaɗai.

Inda sakaci da lissafin ya fi cin kuɗi shi ne wajen haɗa sola. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 2.5 murabba'i, idan ta yi mita 10 zuwa, mita 10 dawowa, turjiyarta kusan om 0.14 ce. A jona kaya masu wat 120 a batir mai bolt 12, kwarara amfiya 10 ce: bolt 1.4 ya zube a hanya, wat 14 kuma ya tafi a ɗumama waya. A mai da tsarin bolt 24, kwarara ta koma amfiya 5, asarar ta sauko wat 3.5. Wannan hujjar ce ta sa ake ɗauko wuta daga Kainji da Shiroro a kan bolt 330,000, a riƙa sauke ta mataki-mataki zuwa 132,000 da 33,000 da 11,000 kafin ta iso gida.

Injin firji da famfon burtsatse ba sa bin tafarkin hita. Idan matsi ya faɗi, injin yana ƙoƙarin juya nauyin da ya saba, sai ya ƙara jan kwarara, naɗin wayarsa ya yi zafi har ya ƙone. Haka nan a wutar gida mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kwararar inji ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi, saboda haka V × I yana ba da adadin da ya fi ainihin wat ɗin da aka ci. Masu ƙera janareta sukan rubuta ƙarfinsa da kVA saboda wannan, kuma babban janareta mai kVA 100 da aka tsara bisa cewa ainihin wat 0.8 ne na V × I, kilowat 80 kawai zai iya ɗauka.