Gammo, Guga da Taɓarya: Abin da Ya Miƙar da Bayan Mutanen Dā

Kafin layin dogo ya iso Zariya a 1911, kusan duk abin da ke shiga kasuwa a ka yake zuwa, ko bisa jaki. Daga karkarar da ke kewaye da birni, har yankin da Dutsen Abba yake a yau, itace da dawa da ƙwaryar nono kan gammo suke tafiya. Miƙewar baya da ake yaba wa mutanen dā daga nan ta samo asali. Mai ɗauke da tulu ba ta da halin sunkuyo. Dole haɓa ta ja ciki, kafaɗu su buɗe, in ba haka ba ruwa ya tuntsure. Jan guga daga rijiya kuwa yana matse naman da ke tsakanin allunan kafaɗa, wanda shi ne ke hana mutum ranƙwafawa, kuma shi masu ɗaga ƙarfe ke nema yau in suna jawo nauyi zuwa ƙirji. Daka ma haka: taɓarya ta haura kai ta sauko, safe da yamma, balle in an shiga lugude.

Motsa jiki a matsayin darasi mai zaman kansa ta bariki da makarantar boko ya shigo. An kafa barikin horar da kuratan soja a Zariya a 1924, Kwalejin Barewa kuma ta ƙauro garin a 1949. A irin waɗannan wurare aka ware wa jiki lokacin fareti da atisaye da wasanni, musamman a makaranta, inda aka raba yaro da gona aka zaunar da shi kan benci. Daga baya injin niƙa ya rage wa turmi aiki, burtsatse ya karɓe na guga, 'yan ga-ruwa suka ajiye sandar kafaɗa suka kama tura kura. Yanzu ga waya, wadda ke riƙe wuya a duƙe tsawon yini.

Wani zai ce ai aikin nan da ake yabo shi ya karya tsofaffi, ga su nan da ƙusumbi suna dogara sanda. Maganar tana da ƙarfi. A 1986 mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna matan Luo da Kikuyu na Kenya kan ɗauki kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu a ka ba tare da ƙarin wahala ba, amma binciken da aka yi daga baya kan matan Xhosa a Afirka ta Kudu ya ci karo da wannan, matan kuma suka koka da ciwon wuya. Matan Gwari, maƙwabtan Zazzau, a kafaɗa ma suke ɗora nasu kayan. Sai dai ƙorafin ya haɗa abu biyu. Jan da ɗagawar su ke gina baya. Abin da ke lalata shi yawan nauyi ne, da rashin hutu, da shekarun da aka kwashe a duƙe kan fartanya. Matar da ta fara ɗaukar dammin itace tun tana ƙarama ba ita ke zaɓar nauyinsa ba, ba kuma ta da ranar ajiyewa. Wanda ke jan roba ko ƙarfe a yau motsin guga yake maimaitawa, bambancin kawai shi ne yana iya auna nauyin, ya ƙara a hankali, ya tsaya in wuya ya fara ciwo.