Ƙuri'a Ba Iko: Nazarin Halin Masu Sassaucin Ra'ayi a Jihar Texas ta Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da masu sassaucin ra'ayi suke ciki a jihar Texas, inda 'yan mazan jiya suka daɗe da riƙe mulki. Ta dogara da sakamakon zaɓuɓɓuka, da dokokin majalisar jiha, da hukunce-hukuncen kotu, da ayyukan masana. Abin da take da'awa shi ne, ƙuncin da waɗannan mutane suke ji bai samo asali daga ƙarancinsu ba, ya samo asali ne daga tsarin da ke juya ƙuri'a ta zama iko, wanda yake toshe musu ƙofa a matakin tarayya da na jiha da na birni.

1.0 Gabatarwa

A siyasar Amurka ta yau, mai sassaucin ra'ayi shi ne wanda galibi yake son gwamnati ta sa hannu a harkar lafiya da albashi da kare muhalli, a taƙaita mallakar bindiga, a kuma bar wa mace zaɓi a batun zubar da ciki. Yawancin irin waɗannan suna zaɓen jam'iyyar Democrat. Ɗan mazan jiya kuwa yana son haraji kaɗan da gwamnati mai taƙaitaccen hannu a tattalin arziki, tare da riƙo da al'adun addini da na iyali, kuma gidansa jam'iyyar Republican. Kafofin labarai sun saba shafa wa taswirar ƙasar launi biyu, ja ga jihohin Republican, shuɗi ga na Democrat, har mai kallo ya ɗauka kowace jiha bakinta ɗaya. Texas tana cikin waɗanda suka fi daɗewa da ja. Rabon da ɗan takarar shugaban ƙasa na Democrat ya ci jihar tun Jimmy Carter a 1976, kuma rabon da jam'iyyar ta ci wata kujera da ake zaɓa a faɗin jihar tun 1994, shekarar da George W. Bush ya kayar da Gwamna Ann Richards. Amma a zaɓen 2020 Joe Biden ya samu ƙuri'u sama da miliyan 5.2 a Texas, wato ya ɗan ɗara abin da ya samu a jihar New York wadda ake kira cibiyar masu sassauci. Mutum miliyan biyar ba tsiraru ba ne a ma'anar da aka saba. Tambayar ita ce ina ƙuri'unsu suke shiga, tunda ba a ganin alamarsu a wurin mulki.

2.0 Ƙofofin da aka rufe

Ƙofar farko ba ta buƙatar dogon bayani. Texas, kamar jihohi 48 cikin 50, tana miƙa dukkan wakilanta na zaɓen shugaban ƙasa ga wanda ya zo na ɗaya. A 2020 Biden ya samu kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari, amma duk wakilai 38 suka tafi ga Donald Trump. Ta biyu ita ce shata mazaɓu, wadda majalisar jiha ce ke yin ta. Republican sun karɓe majalisar wakilan jiha a zaɓen 2002, a 2003 kuwa suka sake yanka mazaɓun tarayya ba tare da jiran sabuwar ƙidaya ba, har 'yan majalisar Democrat suka tsallaka Oklahoma da New Mexico don kada adadin zama ya cika. Wannan gudu, wanda aka maimaita a 2021 da 2025, jinkiri kawai yake kawowa. Taswirar da aka yi bayan ƙidayar 2010 ta yanka gundumar Travis, inda birnin Austin yake, gida biyar, aka haɗa unguwannin birni da karkara mai nisa, ta yadda mazaunin gundumar da Biden ya ci da kusan kashi 71 zai wayi gari wakilinsa ɗan Republican ne. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin sauraron ƙarar shata mazaɓu don amfanin jam'iyya. Sai dai adalci ne a faɗa cewa ba duk laifin alƙalamin mai shata ba ne. Rodden (2019) ya nuna cewa cunkushewar masu sassauci a birane ita kanta tana ɓarnatar da ƙuri'unsu, domin suna cin kujeru kaɗan da rinjaye mai yawan gaske, abokan hamayyarsu kuwa suna cin kujeru da yawa da rinjaye matsakaici.

Ƙofa ta uku ita ce ta fi taɓa rayuwar yau da kullum, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Wanda ya rasa fadar shugaban ƙasa, ya rasa gidan gwamna, yakan lallashi kansa da cewa aƙalla birninsa na hannunsa, kuma lallai Austin da Houston da San Antonio da El Paso sun daɗe suna zaɓen masu sassauci. Amma a dokar Amurka birni ba shi da ikon kansa, jiha ce ta haife shi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Hunter da birnin Pittsburgh a 1907. Abin da jiha ta bayar tana iya karɓewa, kuma Texas ta yi ta karɓa. A Nuwamban 2014 mutanen garin Denton suka kaɗa ƙuri'ar hana haƙar iskar gas ta hanyar farfasa dutse a cikin garinsu. A 2015 majalisar jiha ta yi dokar da ta soke ikon garuruwa a kan wannan harka. A 2018 Kotun Ƙolin jihar ta rushe dokar Laredo ta hana ledar sayayya, a shekarar kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da dokar Austin da ta wajabta wa masu kamfani biyan ma'aikaci hutun rashin lafiya. Da Austin ta zaftare kasafin 'yan sanda a 2020, sai majalisa ta yi doka a 2021 mai hukunta manyan biranen da suka yi haka. A 2023 aka daina bi ɗaya bayan ɗaya: doka mai lamba 2127 ta hana birane yin ƙa'idar da ta zarce ta jiha a fannoni da dama, ciki har da ƙwadago da noma da kasuwanci. Daga cikin abin da ta shafa akwai dokar Austin ta 2010 da ta Dallas ta 2015, waɗanda suka ba leburan gini hutun minti goma a duk awa huɗu su sha ruwa, a jihar da zafin bazararta yake kisa. A 2023 ɗin dai jiha ta karɓe ragamar makarantun gwamnati na Houston, ta kuma soke ofishin jami'in zaɓe na gundumar Harris. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A nan an bar masa ɗakin, an hana shi hawa rufin.

3.0 Abin da ƙuri'ar raba gardama ta fallasa

Za a iya cewa ai duk wannan ra'ayin mafi rinjaye ne ake aiwatarwa. Hujja mafi ƙarfi da ke raunana wannan zance tana fitowa daga wasu jajayen jihohi, inda ake tambayar jama'a kai tsaye a kan batu ɗaya ba tare da tambarin jam'iyya ba. A 2018 masu zaɓe a Idaho da Utah da Nebraska suka amince a faɗaɗa inshorar lafiyar marasa galihu ta Medicaid, Oklahoma da Missouri suka bi sahu a 2020, alhali shugabanninsu na Republican sun daɗe suna ƙi. Florida ta amince da mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa a ranar da ta zaɓi Trump a 2020. A ranar 2 ga Agustan 2022, makonni kaɗan bayan Kotun Ƙoli ta soke kariyar tarayya ga zubar da ciki, kusan kashi 59 na masu zaɓe a Kansas suka ƙi gyaran da zai cire wannan kariya daga tsarin mulkin jiharsu, kuma Ohio ta sanya ta cikin nata a 2023. Ba kullum masu sassauci ke ci ba: Dakota ta Kudu ta yi watsi da irin wannan gyara a 2024, na Florida kuwa ya samu kashi 57 amma ya faɗi domin jihar kashi 60 take buƙata. Duk da haka abin da ya bayyana shi ne, zaɓen jam'iyya daban, ra'ayi a kan batu daban, kuma maƙwabcin da ya kafa allon Trump a ƙofar gida yana iya yarda da mai sassauci a kan albashi ko asibiti. Mazaunin Texas ba shi da hanyar gwada wannan. Jama'a ba sa iya tara sa hannu su kawo doka gaban masu zaɓe a matakin jiha, sai abin da majalisa ta aiko. Ita kuwa Texas har yau ba ta faɗaɗa Medicaid ba, ita ce kuma ke kan gaba a Amurka wajen yawan kason mutanen da ba su da inshorar lafiya.

4.0 Suka da amsoshinsu

Suka na farko shi ne na 'yan kasuwa da magoya bayan doka ta 2127: kamfanin da ke aiki a gundumomi 254 ba zai iya bin ƙa'ida dabam a kowane gari ba. Wannan magana tana da nauyi a abin da ya shafi hanyoyi da ingancin kaya, amma ba ta bayyana dalilin shiga kasafin 'yan sandan birni ɗaya ko ofishin zaɓen gunduma ɗaya ba. Kusa da shi akwai masu cewa ai ɗan mazan jiya a Kalifoniya ma haka yake sha. Gaskiya ne, kuma wannan ƙarfafa da'awar maƙalar yake yi. Trump ya samu ƙuri'u kusan miliyan 6 a Kalifoniya a 2020, fiye da abin da ya samu a Texas, bai kuma tashi da wakili ko ɗaya ba. Da garin Huntington Beach ya amince a riƙa neman katin shaida wurin zaɓe a 2024, majalisar jihar ta yi dokar hana garuruwa yin haka. Ciwon na tsari ne, kowa ya samu wuƙar yanka yake yi.

Suka na biyu shi ne wanda aka fi ji a bakin mutane: wanda bai ji daɗi ba ya tattara ya koma inda ake ra'ayinsa. A nazarin masana wannan ya dace da abin da Hirschman (1970) ya kira ficewa, kishiyar ɗaga murya daga ciki, kuma Bishop (2008) ya yi da'awar cewa Amurkawa suna ta warewa zuwa unguwannin masu ra'ayi irin nasu. Sai dai Mummolo da Nall (2017) sun gano cewa ko da mutum yana son zama cikin 'yan jam'iyyarsa, idan ƙaura ta zo, kuɗin gida da tsaro da makaranta da nisan wurin aiki su ne ke yanke hukunci. Ficewa gata ne na mai hali. Injiniyan kwamfuta a Austin yana iya komawa Colorado, kuma da dokar 2021 ta hana zubar da ciki bayan kimanin mako shida, tare da ba kowane mutum damar kai ƙarar wanda ya taimaka ya karɓi aƙalla dala 10,000, mai kuɗin jirgi ce ta iya tsallakawa New Mexico. Leburan da aka soke wa hutun shan ruwa ba ya zuwa ko'ina. Bugu da ƙari, duk wanda ya fita ya rage muryar waɗanda suka rage, don haka shawarar tana ƙara wa cutar ƙarfi ne.

Suka na uku ya fi sauran cancantar a tsaya a kai, domin yana cewa maƙalar ta raina matsin zamantakewa. Van Duyn (2021) ta bi diddigin wata ƙungiyar mata masu sassaucin ra'ayi a karkarar Texas da suka riƙa taruwa a ɓoye bayan zaɓen 2016, don tsoron rasa abokan ciniki da ƙawaye, wasu ma don tsoron mazajensu. Wannan ya yi daidai da abin da Noelle-Neumann (1974) ta bayyana, cewa wanda ya zaci shi kaɗai ne yakan yi shiru, shirunsa kuma ya sa na kusa da shi ya zaci haka. Ba a musun wannan tsoro, kuma wanda ke ƙaramin gari inda coci da kasuwa da makaranta duk mutane ɗaya ne ya fi na Houston jin sa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Inda jam'iyya ta san ba za ta ci ba, ba ta tsayar da ɗan takara, ba ta buɗe ofis, ba wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa yana neman ƙuri'a, sai mutum ya rasa wata alama da za ta nuna masa yana da 'yan'uwa a garin. Kaɗaicin da ake ji a zuci, tsarin zaɓe ne ya share masa fage. Shi ya sa masu sassauci da yawa suke shiga zaɓen fidda gwani na Republican, tunda Texas ba ta rajistar masu zaɓe bisa jam'iyya, su zaɓi mai dama-dama, domin sun san can ne ake yanke wanda zai yi mulki.

Saura masu cewa a yi haƙuri, ƙaruwar 'yan asalin Latin Amurka za ta juya jihar. Wannan fata ya yi ƙarfi a 2018, lokacin da Beto O'Rourke ya sha kaye a hannun Sanata Ted Cruz da ratar da ba ta kai kashi 3 ba. A 2024 Trump ya ci Texas da ratar sama da kashi 13, har ya ɗauke gundumar Starr ta bakin iyakar Meziko, wadda kusan duk mazaunanta 'yan Latin ne, kuma ta haura shekara ɗari ba ta zaɓi ɗan Republican ba. Ƙidaya ba ta kaɗa ƙuri'a. Ko ƙuri'ar raba gardama ma ba maganin komai ba ce, domin masu zaɓe a Missouri sun amince da hutun rashin lafiya mai albashi a 2024, majalisarsu ta soke shi a 2025. Amma can an san abin da jama'a suka ce, an kuma san wanda ya take shi. A Texas, kafin a ba jama'a ikon kawo doka da kansu sai an gyara tsarin mulkin jihar na 1876, gyaran kuwa ba ya isa gaban masu zaɓe sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince, wato mabuɗin ƙofar yana aljihun waɗanda suka rufe ta.