Sinadaran Tsaftace Inji da ke Cikin Man Juyen Manyan Motocin Dizal

A ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, injin dizal ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na harkar noma da fatauci. Shi ke jan tarakta a gona, shi ke juya injin niƙa da janareta, shi ne kuma a cikin manyan motocin da ke kwasar hatsi da rake zuwa Kano da Zariya. Tsawon ran irin wannan inji ya ta'allaƙa ne a kan man da ake zuba masa, musamman wasu sinadarai da ke cikinsa, waɗanda aikinsu shi ne hana datti taruwa da kashe asid.

Mene ne su?

Man juye gauraye ne na abu biyu: ainihin mai, da kuma sinadaran da kamfani ke ƙara masa, waɗanda kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin galan. Daga cikinsu akwai masu tsaftace inji, waɗanda aka fi haɗawa da kalsiyam ko magnisiyam, kuma iri uku ne suka fi shahara: salfonet, fenet da salisilet. An fara sa su a mai ne a Amurka cikin shekarun 1930, lokacin da zobban fistan na injinan Caterpillar suka riƙa maƙalewa saboda dattin da ke ƙonewa a jikinsu.

Yadda suke aiki

Aikinsu na farko shi ne manne wa ƙarfe da ƙwayoyin datti, ta yadda gurɓataccen mai ba zai daskare a jikin fistan da ramukan zobbansa ba, inda zafi ya fi tsanani. Idan zobe ya maƙale, inji zai rasa ƙarfi, ya fara shan mai yana fitar da hayaƙi.

Na biyu shi ne kashe asid. Man dizal, wanda direbobi ke kira gas, na ɗauke da farar wuta. Idan ta ƙone ta haɗu da tururi, sai ta zama asid mai cin ƙarfe. Sinadaran na ɗauke da ƙananan ƙwayoyi irin na alli da ke kashe wannan asid, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin da ake kira TBN. Sabon man manyan motoci yakan nuna tsakanin 7 da 12, kuma adadin na raguwa ne gwargwadon aikin da man ya yi.

Akwai kuma wani rukuni daban da ke riƙe kunkunniyar hayaƙi a cikin mai har ranar juye. Shi ya sa man injin dizal ke yin baƙi da wuri, kuma wannan baƙin ba hujja ba ce ta cewa man ya mutu.

Dalilin muhimmancinsu a Nijeriya

Shekara da shekaru ƙa'idar Nijeriya ta amince da dizal mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai iyakar ita ce 10 tun 2009. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016 ya jawo hankalin duniya ga irin man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma, kuma a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar 50. Duk da haka, wanda ke sayen gas a jarka a bakin hanya ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki. Gwargwadon yawan farar wuta, gwargwadon saurin ƙarewar ƙarfin man juye.

Abin dubawa a jikin galan

Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API, ita ke fitar da matakan da aka fi gani a kasuwa. Harafin C na nufin injin dizal: CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, sai CK-4 a 2016. Lambobi irin 15W-40 kauri kawai suke nunawa, ba su faɗin komai game da sinadaran tsaftacewa.

Yawan sinadarin ma na da tasa illar, domin yana barin toka idan ya ƙone. Don haka aka ƙayyade tokar CJ-4 da CK-4 kada ta wuce kashi 1 cikin 100, saboda sababbin motoci masu matatar hayaƙi a salansa. Tsofaffin motoci da taraktoci, waɗanda ba su da wannan matata, galibi CH-4 ko CI-4 ya wadace su. Littafin kamfanin da ya ƙera inji shi ne alƙali.

Hattara

Man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro, ba suna ba hatimi, yana iya zama tsohon mai da aka tace, ko zallar mai marar sinadari, kuma ido ko yatsa ba sa bambance shi da nagari. Hukumar SON ce ke da alhakin tabbatar da ingancin kaya, saboda haka ya kamata mai saye ya duba alamarta da hatimin murfi. Ƙara sabon mai a kan tsoho ba ya maye gurbin juye. Haka nan sinadaran ba sa maganin ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara, wannan aikin matatar iska ne. Motar da ke aiki cikin ƙura da lodi mai nauyi tana buƙatar juye da canjin filta kafin wa'adin da aka saba. Kuɗin galan ɗin mai nagari bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ana tsakiyar kaka ba.