Formula 1: Yadda ake amfani da alƙaluman lokaci wajen gano direban da ya fi gudu

A gasar tseren motoci ta Formula 1, ana auna lokacin kowane zagaye har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kowace mota tana ɗauke da wata 'yar na'ura da ke aika saƙo ga wayoyin da aka binne a ƙarƙashin kwalta, ta yadda da zarar ta ƙetare layi an rubuta lokacinta. An kuma raba kowane filin tsere zango uku, kowane zango da nasa lissafin. A watan Oktoban 1997, a filin Jerez na ƙasar Sifaniya, direbobi uku, wato Jacques Villeneuve da Michael Schumacher da Heinz-Harald Frentzen, suka yi lokaci iri ɗaya sak a gwajin neman gurbi: minti 1 da daƙiƙa 21.072. Villeneuve aka bai wa gurbin farko domin shi ya riga yin lokacin.

Wannan tsananin ƙididdiga ya sa mutane da dama suke zaton tambayar wane direba ya fi gudu tana da amsa mai sauƙi, a duba agogo kawai. Sai dai agogo yana auna direba da motarsa ne a haɗe, tare da man da ke tanki da tayoyin da ke ƙasa da yanayin da kwalta take ciki a wannan lokaci. Aikin masu nazarin alƙaluma shi ne su tsame rabon direba daga cikin wannan cakuda.

Rabon mota da rabon direba

Kowace ƙungiya a Formula 1 ita ke ƙera motarta, kuma tazarar da ke tsakanin mota mafi kyau da ta baya takan zarce tazarar da ke tsakanin direbobi nesa ba kusa ba. Abin da ya faru a Baharain a watan Disambar 2020 ya isa misali. George Russell ya shafe kusan kaka biyu a ƙungiyar Williams bai samu ko maki ɗaya ba. Da Lewis Hamilton ya kamu da cutar korona, sai Mercedes ta ari Russell ya maye gurbinsa na tsere guda. Ya zo na biyu a gwajin neman gurbi, daƙiƙa 0.026 kacal a bayan Valtteri Bottas, ya kuma ja ragamar mafi yawan tseren kafin kuskuren sauya taya da faci su raba shi da nasara. Direban bai sauya ba a cikin mako guda. Mota ce ta sauya.

Wani bincike da Andrew Bell da abokan aikinsa na Jami'ar Sheffield suka wallafa a 2016, wanda ya duba sakamakon gasar daga 1950 zuwa 2014, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari na bambancin sakamako daga ƙungiya yake fitowa. Ragowar ɗan kason shi ne filin da ake muhawara a kansa.

Abokin aiki shi ne ma'auni

Tun da kowace ƙungiya motoci biyu take fitarwa, direba ɗaya ne tak a duk fili yake tuƙa irin motar da ɗan'uwansa ke tuƙawa. Shi ya sa kwatanci tsakanin abokan aiki ya zama ginshiƙin duk wani nazari mai ma'ana. A 2023 Max Verstappen ya lashe tsere 19 cikin 22, ya tara maki 575. Motar Red Bull ta fi kowace kyau a wannan shekara, amma Sergio Pérez, wanda ya tuƙa irinta, ya ƙare da nasara biyu da maki 285. Tazarar da ke tsakanin Red Bull da sauran ƙungiyoyi aikin injiniyoyi ne, ita kuwa wadda ke tsakanin mutanen biyu galibinta daga hannunsu ta fito.

Duk da haka, motoci biyun ba kullum suke zama daidai wa daida ba. Wani lokaci sabon kayan gyara ɗaya ne ya kammala, sai a ɗaura wa direba guda a bar ɗayan da tsoho. Wani lokaci kuma halin motar ya fi dacewa da salon tuƙin mutum ɗaya. Ko nauyin jiki yana da tasiri: kafin 2019 direba mai jiki yakan yi asarar lokaci, sai da aka kafa dokar cewa direba da kujerarsa su kai kilo 80, wanda bai kai ba a cike masa da ƙarfe.

Gwajin neman gurbi

Alƙaluman da suka fi tsabta su ne na gwajin neman gurbi, wanda ake yi kafin ranar tsere domin tsara yadda motoci za su jeru a layin tashi. Tun 2006 ana yin sa ne mataki uku, ana zubar da na baya a ƙarshen mataki na ɗaya da na biyu, goma na ƙarshe su fafata a na uku. A yanzu kowa yakan fita da mai kaɗan da sababbin tayoyi, burinsa zagaye ɗaya mafi sauri.

Masu nazari suna kiyaye ƙa'idoji kaɗan a nan. Ta farko, ana kwatanta lokutan da direbobin biyu suka yi a mataki na ƙarshe da suka shiga tare. Dalili shi ne kwalta tana ƙara kama taya yayin da motoci ke shafa mata roba, don haka lokacin mataki na uku kusan kullum ya fi na mataki na ɗaya sauri, ko da direba bai ƙara komai ba.

Ta biyu, ana mayar da tazara zuwa kashi cikin ɗari. Filin Monako tsawonsa kilomita 3.337 ne, ana zagaya shi a kusan daƙiƙa 70, shi kuwa na Spa a Beljiyam kilomita 7.004 ne, yana cin sama da daƙiƙa 100. Tazarar daƙiƙa 0.3 a zagaye mai daƙiƙa 70 ta kai kashi 0.43 cikin ɗari, amma a zagaye mai daƙiƙa 105 kashi 0.29 ce. Wanda ya tara daƙiƙoƙi zalla ya ba dogayen filaye nauyin da ya wuce nasu. Hukumar FIA mai kula da gasar ita ma da kaso take aiki: dokarta ta ce wanda lokacinsa ya wuce kashi 107 cikin ɗari na lokacin da ya fi sauri a matakin farko ba zai shiga tsere ba sai da izinin alƙalai.

Ta uku ta shafi yadda ake dunƙule sakamakon kaka guda. A ɗauka cewa wani direba ya kasance a bayan abokin aikinsa da daƙiƙa 0.1, 0.1, 0.2 da 0.1 a filaye huɗu, a na biyar kuma ruwan sama ya tsuge a daidai lokacin da ya fita, ya yi asarar daƙiƙa 2.5. Idan aka haɗa aka raba biyar, matsakaicin zai zama 0.6, adadin da bai yi kama da ko ɗaya daga cikin ranakun ba. Idan kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, 0.1 za a samu. Saboda haka ƙwararru suka fi amincewa da adadin tsakiya, su kuma cire ranakun da mota ta lalace ko haɗarin wani ya katse zagaye.

Ranar tsere ta fi wuyar karantawa

A ranar tsere, lokacin zagaye yana sauyawa daga farko zuwa ƙarshe saboda abubuwan da ba ruwan direba da su. Na farko shi ne mai. Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, kuma daga 2019 zuwa 2025 mota na iya tashi da mai har kilo 110. Ƙiyasin da injiniyoyi suka saba amfani da shi shi ne kowane kilo 10 yana jawo asarar kusan daƙiƙa 0.3 a zagaye, gwargwadon filin. Ke nan mota ɗaya da direba ɗaya za su iya fin kansu sauri da kusan daƙiƙa uku a ƙarshen tsere domin tanki ya yi sauƙi kawai.

Na biyu shi ne taya. Kamfanin Pirelli, wanda shi kaɗai ke samar da tayoyin gasar tun 2011, yana kawo iri uku na busasshiyar kwalta a kowane tsere: mai laushi da jan zane, matsakaiciya da rawaya, mai tauri da fari. Mai laushi ta fi gudu amma tana saurin cinyewa. Kwatanta wanda ke kan sabuwar taya mai laushi da wanda ya yi zagaye talatin a kan mai tauri, auna tsawon mutum biyu ne ɗaya a kan tudu ɗaya a kwari.

Na uku shi ne iska. Motar Formula 1 tana dogara ne da iskar da ke danna ta ƙasa a kwana, kuma motar da ke gaba tana hargitsa wannan iska. Direban da ya maƙale a bayan wani, gudun na gaban yake yi. Haka nan wanda ke gaba da tazara mai yawa yakan sassauta totur domin lallaɓa taya da inji.

Don haka ana tace alƙaluma kafin a yi hukunci. Ana cire zagayen farko, da zagayen shiga da na fita wurin sauya taya, da waɗanda aka yi a bayan motar kiyaye haɗari, da waɗanda aka yi cikin cunkoso. Abin da ya rage sai a gyara masa lissafin nauyin mai, a kwatanta direbobin a kan irin taya ɗaya mai tsufa ɗaya. A nan ne ake gane wanda ya iya riƙon taya, wato wanda lokacinsa ke raguwa a hankali yayin da na wani ke zubewa.

Zagaye mafi sauri a tsere, wanda ake yawan yayatawa, yana daga cikin ma'aunai masu rauni. A Singafo a 2024, Daniel Ricciardo yana can ƙarshen jeri ya tsaya dab da kammala tsere, aka sa masa sababbin tayoyi masu laushi, ya ƙwace zagaye mafi sauri daga hannun Lando Norris wanda ya lashe tseren da tazara mai yawa. Daga 2025 aka soke makin da ake bayarwa kan wannan bajinta.

Gudu daban, maki daban

Teburin maki yana ɗauke da lalacewar inji da haɗari da dabarun ƙungiya, shi ya sa yakan saɓa wa agogo. A 2016 Hamilton ya samu gurbin farko sau 12, Nico Rosberg sau 8, ya kuma lashe tsere 10 shi kuma Rosberg 9. Amma Rosberg ne ya ɗauki kambu da maki 385 da 380, bayan injin Hamilton ya kama da wuta a Malesiya yana kan gaba.

A 1988 Ayrton Senna ya samu gurbin farko sau 13 cikin 16, a Monako ma ya ba abokin aikinsa Alain Prost tazarar daƙiƙa 1.427 a mota iri ɗaya. Duk da haka jimillar makin Prost ta kai 105, ta Senna 94. Senna ya zama zakara ne saboda dokar lokacin tana ƙirga sakamako 11 mafiya kyau kawai, aka tashi 90 da 87. Haka kuma a shekaru uku da Jenson Button da Hamilton suka yi tare a McLaren, daga 2010 zuwa 2012, Hamilton ya yi rinjaye ƙwarai a gwajin neman gurbi, amma Button ya fi tara maki, 672 da 657. Mai son kare ɗaya daga cikin waɗannan mutane zai samu adadin da ya dace da ra'ayinsa ba tare da ya yi ƙarya ba.

Kwatanta zamani da zamani

Direbobin da ba su taɓa zama a ƙungiya ɗaya ba, ana haɗa su ne ta hanyar sarƙar abokan aiki: wane ya fi wane, shi kuma ya fi wane. A watan Agustan 2020, hukumar gudanar da Formula 1 da kamfanin Amazon Web Services suka fitar da jerin da kwamfuta ta lissafa ta wannan hanya, daga alƙaluman gwajin neman gurbi tun 1983. Senna ya zo na ɗaya, Schumacher na biyu da tazarar daƙiƙa 0.114, Hamilton na uku da 0.275. Abin da ya tayar da ƙura shi ne ganin Heikki Kovalainen a na 8 da Jarno Trulli a na 9, kowannensu tsere ɗaya ya taɓa lashewa, alhali Prost mai kambu huɗu yana na 20. Jerin gudun zagaye ɗaya kawai ya auna, shi kuwa Prost ya shahara ne da shirya motarsa domin ranar tsere.

Raunin sarƙa shi ne tana ɗaukan direba tamkar dutsen awo da ba ya sauyawa. Ricciardo ya doke Sebastian Vettel a 2014, shekara guda bayan Vettel ya ɗauki kambunsa na huɗu a jere. A 2015 kuma Daniil Kvyat ya fi Ricciardo maki, 95 da 92. Bin sarƙar ido rufe zai ɗora Kvyat sama da Vettel. Shekaru da sauyin dokokin ƙera mota da sabo da ƙungiya duk suna motsa ma'aunin, kuma kowace mahaɗa tana ƙara nata kuskuren.

Abin da ya rataya a kan alƙaluman

Ƙungiyoyi suna da bayanan da jama'a ba su gani, irin su ainihin man da ke tanki, da ƙarfin da aka saki wa inji, da inda kowane direba ya taka birki ko totur. Da su suke yanke hukuncin da ke gina sana'ar mutum ko ya rusa ta. Red Bull ta sauke Pierre Gasly bayan tsere 12 a 2019, ta sauke Liam Lawson bayan tsere biyu kacal a 2025. Gasly ya koma ƙaramar ƙungiyar kamfanin, ya lashe tseren Monza na ƙasar Italiya a 2020.

Mai karatu da ya ci karo da jadawalin da ke cewa wane ya fi wane gudu yana da tambayoyin da zai yi masa. Motarsu ɗaya ce? A mataki ɗaya aka ɗauki lokutan? Daƙiƙa aka ƙirga ko kaso? Tsere nawa aka duba, waɗanne aka cire, kuma wa ya zaɓi a cire su? Jadawalin da ya amsa waɗannan yana iya nuna wanda ya fi sauri a mota kaza a kaka kaza. Batun gwanin gwanaye kuwa ya haɗa da iya wuce abokin hamayya, da tuƙi cikin ruwan sama, da kauce wa kuskure tsawon kaka guda, kuma kowanne daga cikinsu da irin lissafin da yake buƙata.