Ƙaurar Atlanta Thrashers zuwa Winnipeg da sabon tsarin gasar NHL

A ranar 31 ga watan Mayun 2011 ne aka ba da sanarwar sayar da Atlanta Thrashers, ƙungiyar ƙwallon gora na kan ƙanƙara, da kuma ɗauke ta daga kudancin Amurka zuwa birnin Winnipeg na ƙasar Kanada.

Ƙungiya ɗaya tak ce ta yi ƙaura daga cikin 30 da ke gasar NHL a wancan lokaci, amma sai da aka shafe kusan shekara biyu ana kai ruwa rana kafin a cimma matsaya kan yadda za a sake raba ƙungiyoyin rukuni-rukuni.

Tsarin da aka amince da shi a shekarar 2013 ya shafi tafiye-tafiyen 'yan wasa, da lokutan nuna wasanni a talabijin, da tsohuwar hamayyar da ke tsakanin wasu birane, har ma da damar da kowace ƙungiya ke da ita ta shiga zagayen neman kofi.

Yadda gasar take

An kafa gasar NHL a birnin Montreal a shekarar 1917, kuma ita ce mafi girma a duniya a wannan wasa, wanda aka fi sani da hoki.

Ana yin wasan ne a kan daskararriyar ƙanƙara cikin zaure mai rufi. Kowane ɓangare na da 'yan wasa shida har da mai tsaron gida, suna zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kuma bugun wani ɗan faifan roba mai tauri da sanduna.

A lokacin da ake magana a kai, kowace ƙungiya na buga wasa 82 a kakar wasa, rabi a gida rabi a waje. Daga nan ƙungiyoyi 16 ke shiga zagayen neman Kofin Stanley, inda wadda ta riga cin wasa huɗu a kan abokiyar karawarta ke wucewa gaba.

Saɓanin gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila ko ta Spaniya, a NHL ba a mayar da ƙungiya ƙaramin rukuni don ta ƙare a ƙasan tebur. Kujerar da ƙungiya ke da ita a gasar dukiya ce ta mai ita, yana iya sayar da ita, mai saye kuma na iya kai ta wani birni muddin sauran masu ƙungiyoyi sun amince.

Abin da ya tayar da ƙura a Ingila lokacin da Wimbledon ta koma Milton Keynes a shekarar 2003, abu ne da aka saba gani a Arewacin Amurka.

Kwarara zuwa kudu

Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba, ya taɓa mallakar ƙungiya mai suna Jets, wadda aka kafa a shekarar 1972 ta kuma shiga NHL a 1979.

Sai dai a shekarun 1990 ƙananan biranen Kanada sun shiga matsi. Albashin 'yan wasa na ta hauhawa kuma da dalar Amurka ake biyan sa, yayin da kuɗin shigar ƙungiyoyin ke zuwa da dalar Kanada, wadda darajarta ke faɗuwa.

A daidai lokacin ne hukumar gasar, ƙarƙashin Gary Bettman wanda ya kama aiki a 1993, ta mayar da hankali kan manyan biranen kudanci da yammacin Amurka, da fatan samun kwangilolin talabijin masu tsoka.

Ƙungiyar Minnesota ta koma Dallas a 1993, ta Quebec ta koma Denver a 1995, ta Hartford kuma ta koma jihar North Carolina a 1997.

Dubban mutanen Winnipeg sun yi gangami tare da tara gudummawa domin hana tasu tafiya, amma haƙarsu ba ta cimma ruwa ba. A 1996 Jets ta koma Phoenix da ke jihar Arizona, aka sake mata suna Coyotes.

Abin da ya faru a Atlanta

Thrashers ta fara wasa a shekarar 1999, kuma ta samo sunanta ne daga tsuntsun da jihar Georgia ta ɗauka a matsayin alamarta.

Wannan shi ne karo na biyu da gasar ta gwada sa'arta a birnin, domin ƙungiyar Flames ta zauna a can daga 1972 zuwa 1980 kafin ta koma Calgary a Kanada.

Atlanta da kewayenta na da mutane sama da miliyan biyar a 2011, amma Thrashers ba ta ba su abin da zai ja su zuwa kallo ba. A kakar wasa 11 da ta buga, sau ɗaya ta shiga zagayen neman kofi, a 2007, inda New York Rangers ta doke ta a wasa huɗu a jere.

Manyan 'yan wasanta kuma ba su daɗe ba. Marian Hossa ya koma Pittsburgh a 2008, Ilya Kovalchuk ɗan Rasha ya koma New Jersey a 2010.

Kamfanin Atlanta Spirit, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2004, ya faɗa cikin shari'a tsakanin masu hannun jarinsa daga 2005 har zuwa 2010. Masu kamfanin sun ce sun tafka asarar dala miliyan 130 a kan ƙungiyar, kuma ba su samu wanda zai saye ta ya bar ta a birnin ba.

Dawowar wasa Winnipeg

Kafin wannan lokaci abubuwa sun sauya a Kanada. Dalar ƙasar, wadda ta faɗi zuwa kimanin santi 62 na Amurka a 2002, ta kamo dalar Amurka a 2007, ta ma ɗara ta a 2011.

An kuma ƙayyade yawan abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi tun daga 2005, lamarin da ya rage giɓin da ke tsakanin manyan birane da ƙanana.

Kamfanin True North Sports and Entertainment na Mark Chipman da attajiri David Thomson ya riga ya gina sabon zauren wasa a tsakiyar Winnipeg a 2004, ya zauna yana jira.

Da farko Coyotes aka yi tsammanin za ta koma gida, domin ta yi fatara a 2009 har hukumar gasar ta karɓe ta. Amma a watan Mayun 2011 majalisar birnin Glendale, inda take wasa, ta amince ta ware dala miliyan 25 domin riƙe ta wata shekara guda.

Sai hankali ya koma kan Atlanta. An yi ciniki a kan dala miliyan 170, daga ciki miliyan 60 kuɗin ƙaura ne da aka biya hukumar gasar, kuma masu ƙungiyoyi suka amince a ranar 21 ga watan Yuni.

Winnipeg da kewayenta ba su wuce mutum 730,000 ba a lokacin, zauren kuma na ɗaukar 'yan kallo 15,004, mafi ƙanƙanta a gasar. Mr Bettman ya gargaɗi mutanen birnin cewa lamarin ba zai ɗore ba sai idan zauren na cika a kowane wasa.

An nemi a sayar da tikitin kaka guda 13,000. Kason da aka buɗe wa jama'a a ranar 4 ga watan Yuni ya ƙare cikin 'yan mintoci.

An maido da sunan Jets, kuma ƙungiyar ta buga wasanta na farko a gida ranar 9 ga watan Oktoban 2011, inda Montreal Canadiens ta ci ta 5 da 1.

Baƙuwa a rukunin kudu

A lokacin an raba gasar gida biyu, shiyyar Gabas da shiyyar Yamma, kowacce da rukuni uku masu ƙungiyoyi biyar-biyar.

Da yake cinikin ya zo a ƙurarren lokaci, sai aka bar Jets a mazaunin Thrashers, wato rukunin Kudu maso Gabas, tare da Washington da Carolina da Tampa Bay da Florida.

Tsarin jadawalin ya tanadi wasa shida tsakanin kowace ƙungiya da 'yan rukuninta. Ke nan Jets za ta buga wasa 12 a gabar tekun gabashin Amurka da 'yan rukuninta kaɗai, su ma kowacce ta je Winnipeg sau uku.

Tazarar da ke tsakanin Winnipeg da kudancin Florida ta kai kusan kilomita 3,000, alhali Minnesota, maƙwabciyarta da ke kimanin kilomita 600, tana wata shiyyar daban.

Mayar da Jets shiyyar Yamma shi ne abin da hankali zai ɗauka, to amma hakan na nufin wata ƙungiya ta Yamma za ta koma Gabas, kuma masu son wannan kujera sun fi ɗaya.

Detroit da Columbus na bin agogon gabashin Amurka, amma suna shiyyar Yamma. Idan suka je wasa Kalifoniya, inda agogo ke baya da sa'a uku, magoya bayansu a gida kan fara kallo ne da ƙarfe 10 na dare ko fiye.

Dallas ma na da irin wannan kuka, domin an haɗa ta rukuni ɗaya da ƙungiyoyin Kalifoniya.

Taƙaddama da 'yan wasa

A watan Disamban 2011 masu ƙungiyoyi suka amince a rushe tsohon tsari, a kafa shiyyoyi huɗu, biyu masu ƙungiyoyi takwas, biyu masu bakwai, huɗu na sama a kowacce su wuce zagayen neman kofi.

Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ƙarƙashin Donald Fehr ta ƙi sa hannu a watan Janairun 2012. Ta ce ba a gamsar da ita kan yawan tafiye-tafiyen da tsarin zai haifar ba, kuma wanda ke cikin bakwai ya fi wanda ke cikin takwas damar wucewa.

Daga nan rikicin albashi ya kunno kai, masu ƙungiyoyi suka dakatar da wasanni daga watan Satumban 2012 zuwa Janairun 2013.

Aka buga gajeriyar kaka mai wasa 48, kowace ƙungiya da 'yan shiyyarta kawai. A wannan kakar Jets, da ke tsakiyar nahiyar, ba ta kara da ko ƙungiya ɗaya ta Yamma ba.

Tsarin shekarar 2013

A watan Maris ɗin 2013 'yan wasa suka amince da wani tsari da aka yi wa gyara, masu ƙungiyoyi kuma suka tabbatar da shi a ranar 14 ga watan.

An bar shiyyoyi biyu, amma rukunoni suka ragu daga shida zuwa huɗu. Gabas ta samu Atlantic da Metropolitan, kowanne da ƙungiyoyi takwas, Yamma kuma ta samu Central da Pacific masu bakwai-bakwai.

Jets ta koma rukunin Central tare da Chicago da Colorado da Dallas da Minnesota da Nashville da St. Louis. Detroit da Columbus duka suka koma Gabas.

Uku na sama a kowane rukuni ke wucewa kai tsaye, sannan a ƙara da biyu mafiya maki daga cikin waɗanda suka rage a kowace shiyya.

An kuma tanadi cewa kowace ƙungiya za ta ziyarci kowane birni na gasar aƙalla sau ɗaya a kaka.

Riba da asara

Winnipeg da Dallas da Detroit da Columbus su ne suka fi cin moriyar sauyin, domin mafi yawan wasanninsu sun dawo kusa da agogon gida.

Tampa Bay da Florida kuwa sun tsinci kansu a rukuni ɗaya da Montreal da Ottawa da Toronto da Boston da Buffalo da Detroit. Tafiyarsu ta ƙaru, sai dai waɗannan ƙungiyoyi na da ɗimbin magoya baya da ke zuwa Florida hutun hunturu, suna kuma sayen tikiti.

An raba Detroit da Chicago, waɗanda suka fara hamayya tun 1926. Karawarsu ta ƙarshe a shiyya ɗaya ta zo ne a zagayen neman kofi na 2013, inda Chicago ta yi nasara a ƙarin lokaci a wasa na bakwai.

Ƙorafin 'yan wasa ma bai kau ba, domin ƙungiyoyi 16 ne ke neman gurbi takwas a Gabas, 14 kuma a Yamma.

An cike wannan giɓi ne da sababbin ƙungiyoyi biyu. Vegas Golden Knights ta shiga a 2017 bayan biyan dala miliyan 500, Seattle Kraken kuma a 2021 da dala miliyan 650. Zuwan Seattle ya sa aka mayar da Coyotes rukunin Central, kowane rukuni ya zama yana da takwas.

Bayan ƙaurar

Jets ta kai wasan ƙarshe na shiyyar Yamma a 2018, inda Vegas ta fitar da ita, sannan ta ƙare kakar 2024 zuwa 2025 da maki mafi yawa a gasar baki ɗaya.

Coyotes kuwa ta ƙare zamanta a Arizona a wani ƙaramin zaure na jami'a mai ɗaukar kimanin mutum 5,000. A watan Afrilun 2024 aka sayar da 'yan wasanta da ma'aikatanta ga Ryan Smith da matarsa Ashley a kan dala biliyan 1.2, aka kai su Salt Lake City, inda aka raɗa wa ƙungiyar suna Utah Mammoth a 2025.

Wannan ƙaura ba ta buƙaci sake tsari ba, domin Utah ta zauna a gurbin Arizona a rukunin Central.

A Winnipeg ma gargaɗin da aka yi a 2011 ya sake tasowa. A watan Fabrairun 2024 Mark Chipman ya bayyana cewa masu tikitin kaka sun ragu daga kimanin 13,000 zuwa ƙasa da 9,500, ya kuma ce ƙungiyar ba za ta iya ci gaba a haka na dogon lokaci ba sai an dawo da adadin farko.